Sai da Na Zauna a Gidan Baya

Da yamma aka kawo ta garejinmu, tana tsaye cas a kan ƙafafunta huɗu. Da muka zo da safe sai muka tarar ta durƙusa ta gaban hagu, bakin bodi ya kusa haɗiye taya, kamar raƙumin da za a yi wa lodi. Mercedes S-Class ce ƙirar W220, irin wadda ta fara fitowa a 1998, kuma ita ce mota mai sifirin iska ta farko da na taɓa sa wa hannu. Lokacin ban daɗe da fara koyon aiki ba, sanina bai wuce sifirin ƙarfe da shokozoba ba. Na ɗauko jak zan cusa mata, sai Oga ya daka mini tsawa daga bakin shago: "Kai yaro, ajiye jak ɗin nan. Tashe ta, ka koma gefe ka kasa kunne."

Na tayar da ita. Wani gurnani ƙasa-ƙasa ya taso daga bayan bamba ta hannun dama, a hankali motar ta miƙe har ta daidaita. Oga ya ce, "Ka ji tsawon lokacin da kwampireso ya ɗauka yana kuka? Riƙe wannan a kanka."

Ban riƙe ba, sai daga baya.

Tsarin ba shi da wuyar fahimta idan an baje maka shi a ƙasa. Maimakon sifirin ƙarfe, kowace ƙafa tana da jakar roba mai kauri, mu a gareji balan-balan muke ce mata. Kwampireso ne ke hura iska, ta bi ta siraran tiyo zuwa wani akwatin bawul da ke raba wa kowace ƙafa rabonta. Akwai tankin ajiyar iska, akwai sansa da ke auna tsayin bodi daga ƙafa, sannan ƙwaƙwalwar motar tana ba da umarnin a ƙara nan, a rage can. Sifirin ƙarfe taurinsa ɗaya ne, ko mutum ɗaya ya shiga ko mutum biyar da buhun shinkafa a but. Idan an yi shi da laushi, lodi ya danne shi. Idan an yi shi da tauri, mota ba kaya ta riƙa tsalle. Ita kuwa iska, da nauyi ya ƙaru sai a ƙara ta, motar ta koma tsayinta, taurin ya tashi daidai da nauyin. Shi ya sa lilon bodin yake zama kusan iri ɗaya kullum, wajen sau ɗaya a daƙiƙa, wanda jikin ɗan Adam ba ya ƙi. Daɗin da masu kuɗi ke biya ke nan.

Kuskurena na farko a kan wata Range Rover ƙirar L322 na yi shi, bayan Oga ya fara sakar mini aiki ni kaɗai. Ta zo ba ta tashi sam. Na duba fis, na duba rile, na gano kwampireso ya ƙone. Na hau babur zuwa Ƙofar Ruwa, na samo wani ɗan Beljiyom mai kyau, na ɗaura, mota ta miƙe, mai ita ya biya yana sa albarka. Ban cika wata biyu ba sai ga ta an jawo ta. Sabon kwampireson ma ya ƙone.

Oga bai yi mini faɗa ba, wanda ya fi faɗan ciwo. Ya aiki ƙaramin yaronmu ya sayo omo, ya kaɗa shi a robar ruwa da aka huda wa murfi, ya miƙo mini. Muka ɗaura wani kwampireso na aro, muka ɗaga motar, na shiga fesa ruwan kumfar a jikin balan-balan ɗaya bayan ɗaya. Uku shiru. A ta huɗu, ta bayan dama, daidai inda robar ke naɗewa tana warwarewa, sai ga ƙananan kumfa suna tsirowa a jere kamar idon kifi. Da na matsa da tocila na ga robar ta yi tsaga-tsaga irin ta faso a hunturu. Wannan ɗan yoyon shi ya sa kwampireso aiki ba hutu har ya ƙone, na farkon da na biyun duka. Na bar jaki na yi ta dukan taiki, kuma aljihun bawan Allah ne ya ji a jikinsa. Kuɗin na biyun daga nawa aljihun ya fita, Oga ya tabbatar da haka.

A wannan aikin ne kuma na fahimci wani ɗan gwangwani da ke maƙale da kwampireso, wanda da nake ɗauka matata ce kawai. Cike yake da ƙananan ƙwayoyi masu tsotse danshi, irin waɗanda ake samu a ƙulle cikin kwalin sabon takalmi. Iska za ta bi ta cikinsu ta bushe kafin ta shiga tsarin. Idan mota ta sauke kanta, busasshiyar iskar da ta saki takan biyo ta cikinsu ta kwashe danshin ta fita da shi. To idan akwai yoyo, iskar ta huda take gudu, ba ta dawowa ta nan. Kwampireso na ta zuƙo sabuwa, ƙwayoyin su jiƙe sharkaf, musamman a watan Agusta, ruwa ya shiga bawul ya yi tsatsa. Ga zafin bazara da ke gasa roba, ga ƙurar hunturu da ke toshe matatar iska. Motar da aka ƙera da tunanin titunan Jamus ko Ingila, a nan shekarunta da sauri suke tafiya.

Ba yau aka fara wannan fama ba. Cadillac Eldorado Brougham ta 1957 a Amurka da sifirin iska ta fito, kuma da yawa daga masu ita sun gaji da yoyo sun mayar da ita ta ƙarfe. Citroën ta Faransa ta bi wata hanya daban a motarta DS ta 1955, inda ta haɗa mai da iskar gas a cikin wasu ƙwallaye. Na kawo wannan ne don har gobe ana kawo mana Lexus LX 570 a ce "iskarta ta lalace". Ita ba balan-balan gare ta ba, da mai take hawa da sauka, danginsu ɗaya da dabarar Citroën. Ƙanwarta GX ce ake samu da balan-balan, ita ma a baya kaɗai. Wanda bai bambance waɗannan ba zai sayo abin da ba shi da wurin ɗaurawa.

Masu mota da yawa idan suka ji kuɗin gyara sai su ce a cire komai a sa sifirin ƙarfe. Ba na yi musu gardama kamar da. Mutumin da ke zirga-zirga ƙauye, inda ba mai kwamfutar duba mota sai ya yi tafiyar sa'o'i, yana da hujja: ƙarfe ba ya durƙusar da kai a daji. Abin da nake faɗa musu kawai shi ne motar da za su karɓa ba ita ce suka kawo ba. Amma wanda ya ce in sa masa balan-balan ɗan Beljiyom guda ɗaya, wanda ya riga ya yi shekaru a wata motar, ya bar tsohon ɗayan ɓangaren, wannan nakan ce ya je wani wuri. Biyu-biyu ake canza su, in ba haka ba tsugune ba ta ƙare ba.

Duk wannan ilimin ƙarfe da roba ne. Darasin da ya fi zauna mini a rai daga wani dattijo na same shi, ɗan kasuwa, mai S-Class ƙirar W221. Ya zo da kansa, abin da manya ba su cika yi ba, ya ce, "Malam, motar nan ta daina daɗi. In na je Kaduna na dawo sai an danna mini baya."

Na jona kwamfuta, ba ta nuna komai ba. Na bar motar ta kwana, na auna tsayin kowace ƙafa da tef dare da safe, ko ɗigo ba ta sauka ba. Na fesa omo, babu kumfa. Na tuƙa ta na zagayo, na ji ta da ɗan tauri amma ba abin a zo a gani ba. Sai na yanke hukunci irin na wanda ya rasa abin cewa: shokozoba na baya sun gaji, a canza. Har na rubuta lissafi, kuɗi masu kauri. Na kai wa Oga ya gani, lokacin ya manyanta, yawanci yana kan benci da carbinsa. Ya duba takardar ya ce, "Ka zauna inda yake zama?"

Na ce, "Oga, ai na tuƙa ta."

Ya ce, "Shi tuƙa ta yake yi?"

Washegari na roƙi direban Alhaji ya ja, ni na shiga gidan baya ta hannun dama, na shimfiɗa tsohuwar jarida don kada rigar aikina ta ɓata kujera. Ban ce masa komai ba sai dai ya yi yadda ya saba. Ko ƙofar gareji ba mu fita ba ya miƙa yatsa ya danna maɓallin ɗaga mota. Na ce me ya sa? Ya ce saboda tudun rage gudu da ke layinsu, kullum a ɗage yake barin ta, kada ƙasanta ya gogu a ce shi ne. A gudun cikin gari kuwa motar ba ta sauke kanta, sai an miƙe hanya an taka sosai. Na leƙa na ga kuma a saitin tuƙi na Sport ya sa ta. Wani abokinsa ne ya gaya masa ta fi riƙe hanya a haka.

Mutane da yawa suna zaton in mota ta ɗaga sama ta fi laushi, tunda iska ta ƙaru. Ba haka ba ne. Ƙafa tana da iyakar inda za ta miƙe. In ka ɗaga bodi ka cinye wani ɓangare na wannan tazarar, don haka da taya ta faɗa rami sai ta kai ƙarshe da wuri ta fizgo bodin ƙasa. A gaba, hannunka na kan sitiyari, idonka ya riga ya ga ramin, jikinka ya shirya. A baya kana zaune kusan a kan ƙafar, ba ka ga komai ba, sai dai ka ji ƙum a ƙugu. Shi kuma Sport, a irin wannan motar, shokozoba yake ƙara wa tauri. Muka bi wani layi mai faci-faci, na ji kowane gaɓar kwalta yana hawowa ta kujera har haƙorana. Jiki magayi. Minti 10 na yi a wurin na gane ciwon bayan Alhaji, abin da kwamfuta ta kasa gaya mini a kwana biyu.

Na sa ya sauke ta ya mayar da ita Comfort, muka sake bin layin. Ta yi sauƙi ƙwarai, manyan ramuka ta riƙa haɗiye su, amma ƙananan kaifafan nan ba su tafi ba. Da muka dawo na tsuguna gaban taya, abin da ya kamata in fara yi tun ranar farko. Rim mai inci 20 ne, taya 255/35, wato faɗinta milimita 255, tsayin gefenta kashi 35 cikin ɗari na faɗin. Na tambaya, direba ya ce babban ɗan Alhaji ne ya canza don kwalliya, na asali masu inci 18 suna sito a gida. Lissafin a bayyane yake: taya 255/45 a kan inci 18 gefenta ya kai wajen milimita 115, ita kuwa 255/35 wajen 89 ne. An yanke kusan kashi ɗaya cikin huɗu na robar da ke fara karɓar duka. Na sa gejin iska a taya, ya nuna 52. Mai faci ne ya ɗura, wai babbar mota sai babbar iska. Na buɗe murfin tankin mai na nuna wa direban takardar da kamfani ya manna a ciki, inda aka rubuta awon da ya dace, talatin da 'yan kai. Ya ce shekarunsa yana buɗe murfin nan bai taɓa karantawa ba.

Balan-balan gwani ne a kan dogon tudu da gangare, irin lilon da babbar hanya ke yi. Ƙaramin dutse da bakin faci kuwa aikin taya ne, da robobin da ke gaɓoɓin ƙafa. In taya ta zama dutse, duk tsadar abin da ke samanta sai dai ya yi kallo. A nan na tuna abin da Oga ya sha faɗa muna yi masa dariya, cewa a hanyar ƙauye bai ga motar da ta kai Peugeot 504 daɗi ba, irin waɗanda aka riƙa haɗawa a Kaduna. Ba kwampireso, ba sansa, ba maɓalli. Doguwar tazarar ƙafa ce, da taya mai ƙaton gefe, da kujera mai taushi. Har yanzu ina ganin akwai son zuciya a maganar tasa, amma na daina dariya.

Aka kawo tsofaffin rim daga sito, muka sa musu sababbin taya, muka daidaita iska. Na sake saita tsayin ƙafafu da kwamfuta, kuma a kan simintin wani shago da ke maƙwabtaka da mu na yi, don filin garejinmu a karkace yake. Na taɓa saita wata a nan ta fita tana tangaɗi kamar tebur mai gajeriyar ƙafa. Direba kuma muka yi yarjejeniya: ya ɗaga ta in ya zo tudun layinsu, ya sauke da ya wuce.

Da Alhaji ya zo ɗauka na miƙa masa sabon lissafi. Ya duba, ya juya takardar ko akwai ci gaba a baya, ya ce, "Ina shokozoban da aka ce?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, lafiyarsu ƙalau. Ni ne ban duba da kyau ba."

Ya yi shiru yana kallona, sannan ya shiga gidan baya ya ce direba ya ja. Bayan kwana biyar direban ya biyo ta gareji a kan babur ɗinsa, ya ce sun je Kaduna, tun kafin Kwanar Dangora Alhaji ya yi barci, sai a Zariya ya farka yana tambayar ina suke.

Rim ɗin nan huɗu masu inci 20, an ce yaron zai aiko a ɗauka. Suna nan a lungun gareji har yau, yara sun ɗora musu katako, a kai suke zama su ci shinkafa da wake da rana.