Model ya dace da bayanan baya, to sai me?

Babban abin da aikin model ɗin ruwa ya koya min, wato irin lissafin kwamfutar nan da ake dogara da shi wajen yanke shawarar ruwa nawa za a saki daga dam ko rijiya nawa za a bari a haƙa, shi ne kyawun giraf kaɗai ba hujja ba ce. Za ka ga layin model ya hau kan layin awo daram, kowa a miting sai gyaɗa kai yake, alhali bayanan da aka saita shi da su, su ne dai aka sake gwada shi da su. Ɗalibin da ya ga amsa kafin jarrabawa kenan, ai dole ya ci.

Tun 1986 wani masanin ruwa, Vit Klemeš, ya kawo hanya mai sauƙi, ka raba bayananka biyu, ka saita da rabi ka gwada da rabin da model bai taɓa gani ba. Ya ma ƙara da cewa in don fari za a yi amfani da shi, to a saita shi da shekarun ruwa sannan a jefa shi cikin shekarun fari a gani. Nan ne ake ganin abin mamaki wallahi. Lokacin ambaliya layukan biyu suna tafiya tare, ruwa na fara ja sai ka ga sun rabu, model na cewa kogi na gudu, ma'auni kuma na nuna ya kusa ƙafewa, kuma makin Nash-Sutcliffe ɗin da ake ta alfahari da shi, wato makin da ke nuna yadda lissafin model ya dace da abin da aka auna, bai wani sauka ba, don shi kuskuren manyan kwarara yake bai wa nauyi, na lokacin ƙarancin ruwa ɓacewa yake a ciki. To shi mai rabon ruwa kuma lokacin ƙarancin ne damuwarsa.

Shi ya sa yanzu kafin na taɓa komai nake tambaya, wace shawara za a yanke da wannan abin? Model ɗin da ya isa a tsara magudanar ambaliya ba lallai ya isa a raba ruwan noma ba. Akwai kuma abin da wani masanin ruwan, Keith Beven, ya daɗe yana faɗa, saiti daban-daban suna iya ba ka sakamako mai kyau iri ɗaya a kan bayanan baya, amma hasashensu na gaba ya sha bamban. Sai in ɗauki saitin da duk suka ci gwajin in kunna su gaba ɗaya, in shawarar ba ta canza ba hankalina ya kwanta, in ta canza to dole a gaya wa shugabanni, ko da lamba ɗaya tak suke so a ba su.

Labarin kifin kod na Newfoundland a Kanada yana taɓa ni sosai. Ƙiyasin yawan kifin ya jingina da abin da manyan jiragen kamun kifi ke kamawa, su kuma kifin suna raguwa suna taruwa wuri guda, jirage masu na'ura suna bin su har inda suke, sai kamu ya ci gaba da kyau a takarda. Masunta na bakin gaɓa sun yi ta cewa kifi ya ragu kuma ƙanana suke samu, ba a ɗauki maganarsu da nauyi ba. A Yulin 1992 gwamnati ta rufe kamun, mutum kusan 30,000 suka rasa sana'a.

Don haka a wurina tantancewa ba ta ƙarewa a kan kwamfuta. Ina kai taswirar da model ya fitar wa mutanen da ke aiki a wurin, mai kula da dam, masunci, ma'aikacin gandun daji, in ce ina ne kuke ganin wannan ya yi ƙarya? Sau da yawa yatsa kawai za su ɗora su ce nan ruwa ba ya kwanciya, can ne yake kwanciya, ka koma ka duba ka tarar ma'aunin wurin ya daɗe da lalacewa ko an canza masa wuri ba a rubuta ba. Kuma a rahoto ina ware shafi guda in rubuta yanayin da ba a gwada model ɗin a kai ba, da ranar da ya kamata a sake gwada shi in sabbin bayanai sun shigo.