Gaban Ford ta 1932 da birkinta ba tare da kashe kuɗi da yawa ba

Masu haɗa hot rod (tsohuwar motar da aka gyara don gudu) a Amurka sun daɗe suna barin aksil ɗin Ford na asali (ƙarfen da ke riƙe tayoyin gaba) da sifirin ɗinsa na gicciye, domin ya fi sabo araha. Abin da ake sauyawa shi ne birki, tunda Ford ba ta fara sa birkin mai ba sai 1939. A nemo sandunan taya (spindle, inda tayar ke juyawa) na Ford 1937 zuwa 1948, a ɗora musu birkin a-kori-kurar Ford F-100 na 1953 zuwa 1956 mai durom inci 11; sai an ɗan goge saman sandar, an kuma sauya boris na ciki.

Kada a yi rowar bushin kinfin, wato fil ɗin da sandar taya ke juyawa a kansa. In bushin ya ci, ko karkatar aksil ɗin ta baya ta gaza digiri 5, sitiyari zai iya karkarwa a guje. Gaban tayoyin kuma ya matso ciki da 1/8 na inci.