Alheri a wurin aiki, inda ake gwada ƙaunar Kirista

Mai aikin awa 8 a rana, kwana 5 a mako, yana yin awa 40 tare da abokan aikinsa, alhali sujadar Lahadi da ƙyar take wuce awa 3. Ashe kuwa su ne suka fi kowa sanin ko ƙaunar da muke faɗa da baki ta kai zuci. Manzo Bulus a Afisawa 4:32 ya haɗa kirki da tausayi da yafe wa juna wuri guda, kuma dukkansu abubuwa ne da ake yi wa wani mutum takamaimai, a wata rana takamaimai.

A fara da sabon ma'aikaci. Abin da yake damunsa a makon farko yawanci ƙananan abubuwa ne da yake jin kunyar tambaya: wa ake kai wa takardar neman hutu, yaya ake cike fom, wane aiki ne ba ya jira. Ka ware masa minti 15 kafin a tashi, ka ce masa, "In ka maƙale, zo ka same ni, ko sau nawa ne." Inda ake kuskure shi ne a karɓe aikin a yi masa. Hakan ya fi sauri, amma bayan wata guda yana nan bai iya ba, kai kuma ka fara jin haushinsa. Ka yi sau ɗaya yana kallo, ya yi kana kallo, sannan ka sakar masa.

Gyaran kuskure ne ya fi wuya, kuma a nan ne masu bi da yawa suke faɗuwa. A Matiyu 18:15 Yesu ya ce a fara samun mai laifi a keɓe, ku biyu kaɗai. Maganar 'yan'uwa a ikilisiya yake yi, amma tsarin yana aiki a ofis da masana'anta. Ka je tun kafin rahoton ya isa teburin shugaba, ido da ido, kada ka rubuta a zauren WhatsApp na ma'aikata. Ka fara da tambaya, domin mai yiwuwa alkaluman da aka ba shi ne suka zo a karkace. Sannan ka ambaci abin da ya lalace, ka bar halinsa: "Lissafin shafi na uku bai daidaita ba" yana buɗe ƙofar gyara, "kai kullum sakaci" yana rufe ta. Wanda aka kunyata a gaban jama'a kare kansa zai yi, aikin kuma ya zauna yadda yake. Karin Magana 15:1 ta riga ta faɗa cewa amsa mai taushi tana kwantar da fushi.

Sai dai rufin asiri yana da iyaka. Sata, cin hanci, cin zarafin na ƙasa, ko sakacin da zai iya raunata mutum, waɗannan dole a kai su inda ya dace. Wanda za a cuta shi ma maƙwabcinka ne.

Tsegumi kuwa shiru kaɗai ba ya kashe shi, domin mai magana yana ɗaukar shirunka a matsayin yarda. "Ba ya nan, mu bari sai ya zo" ta isa. Haka idan aka yaba maka a taro kan aikin da kuka yi ku biyu, ka kira sunan ɗayan nan take.

Shugabanni nauyinsu ya fi. Littafin Firistoci 19:13 ya hana a kwana da ladan ɗan ƙodago, Yaƙub 5:4 kuma ya ce ladan da aka danne yana kuka har Ubangiji ya ji. Saboda haka kyautar ƙarshen shekara ba ta wanke albashin da aka riƙe. Idan biya zai yi jinkiri, ka sanar tun da wuri, ka faɗi ranar da za a biya. Ka san sunan mai shara da mai gadi da direba, ka gaishe su da shi, kada kuma ka riƙe su bayan lokacin tashi ba tare da ka tambayi yadda za su koma gida ba.

Idan rasuwa ko rashin lafiya ta sami abokin aiki, "in kana bukatar wani abu ka faɗa" ba ta cika amfani ba, don mai baƙin ciki ba zai roƙa ba. Ka zaɓi abu ɗaya ka ɗauka: "Zan riƙe maka aikin ranar Alhamis, na riga na gaya wa shugaba." In an haɗa gudummawa, kada a lissafa wanda ya ba da nawa, Matiyu 6:3 ta ce kada hagu ta san abin da dama take yi.

Kuma kada alheri ya zama tarkon jawo mutum zuwa coci. Abokin aikin da ba addininku ɗaya ba zai gane da wuri, daga nan ya daina yarda da taimakonka. A misalin da Yesu ya bayar a Luka 10, Basamariyen (mutumin Samariya) da ya tsinci wani Bayahude da 'yan fashi suka raunata bai tambaye shi abin da ya gaskata ba kafin ya ɗaure masa rauni. Idan abokin aikin da kansa ya tambaye ka dalilin alherinka, ka amsa da tawali'u da ladabi kamar yadda 1 Bitrus 3:15 ta koyar, a lokacin hutu, domin lokacin aiki na wanda ya ɗauke ka ne.