Chromebook da ƙofar da Google ta bari a buɗe

Shagona ƙarami ne, a wani lungu bayan titin Otigba a Computer Village, Ikeja, a Legas, ni da yarana biyu. Da gyaran waya na fara, amma yanzu abin da ya fi kawo mini mutanenmu daga Agege da Mile 12 da Idi-Araba shi ne Chromebook, wato laftof mai aiki da manhajar Google. Tokumbonsu sun cika kasuwa, ga araha, ga batir mai jimiri, abin da ba a rainawa a garin da wuta ke zuwa sanda ta ga dama. Mutum ya saya da murna, ya isa gida ya buɗe, ya tarar babu Windows. ChromeOS ce a ciki, kuma a kulle take: duk kunnawa sai na'urar ta binciki kanta, ta tabbatar ba wanda ya taɓa mata manhaja.

Cire wannan kullen shi muke kira difelofa a kasuwa. Ba asiri ba ne, Google da kanta ta bar ƙofar. A danne Esc da Refresh, a taɓa maɓallin kunnawa, allon gyara ya fito, a danna Ctrl da D, a amince. Yaron da ya yi sati biyu a shago ma zai iya. Kuɗin da nake karɓa na bayanin da ke biyo baya ne.

Shiga difelofa na share duk abin da aka ajiye a cikin na'urar. Daga ranar kuma, duk kunnawa sai farin allon gargaɗi ya tare ka. Ko ka danna Ctrl da D ka wuce, ko ka jira daƙiƙa 30 ta yi ƙara ta tashi da kanta. A jikin allon nan an rubuta cewa a danna dogon maɓallin ƙasa don maido da tsaro. Nan tarkon yake, domin maido da tsaron ma share komai yake yi. Wani Alhaji mai albasa a Mile 12 na yi wa aikin, na ɗora masa Linux, wata manhaja madadin Windows, yaronsa ya yi wata guda yana shigar da lissafin bashin kwastomomi. Ran nan autansa ya kunna, ya ga Turanci, ya bi umarni kamar ɗalibin kirki, ya danna ya kuma tabbatar. Washegari sai ga Alhaji a ƙofar shago ko sallama bai ƙarasa ba: "Injiniya, me ka yi wa kayana?" Na ce, "Alhaji, a yi haƙuri, a zauna tukuna." Ba abin da ya dawo. Allah Ya sa tsohon littafinsa na takarda yana nan. Tun daga ranar ba Chromebook ɗin da ke fita daga hannuna sai na manna mata takarda kusa da allo: "Ctrl da D kawai."

Masu son Windows su ne aikinsu ya fi cin rai. Difelofa kaɗai ba ta isa ba, sai an sauya manhajar tushe da ke tada allon uwa, wato babban allon cikin na'urar, ita kuma da kariyarta. A tsofaffin samfura wani sukuru ne ake kwancewa, a yawancin na baya-bayan nan batir ake cirewa a yi aikin da caja. Kafin nan sai na duba furosesa, wato ƙwaƙwalwar na'urar: in Intel ce akwai magana, in MediaTek ce ko Rockchip, na ce a bar zancen. Ga ma'ajiya, yawanci gig 16 ko 32 ce a like da allon uwa, alhali Windows 11 na neman 64. Sau da yawa a gama wahala sifika ta ƙi magana. Shi ya sa nakan fara da tambayar me za a yi da ita. Ɗalibin da ke koyon rubuta manhaja, a cikin saitin Chromebook na zamani akwai wurin kunna Linux ba tare da an cire kullen komai ba. Nakan kunna masa, ban karɓi ko sisi ba, yarana suna hararata.

Akwai waɗanda ba na taɓawa sam. Da yawa daga makarantun Amurka suka fito, kuma lambar jikinsu na nan a rajistar makarantar. Irin waɗannan, kana danna Ctrl da D za ta ce mai kula da ita ya hana. Ko an goge ta, tana jin intanet za ta koma neman asusun makarantar. Makarantar ce kaɗai ke da ikon sakinta. Na san akwai masu dabara a layin nan, ni dai ban san ta yaya kayan suka bar hannun masu su ba, don haka nakan ce a mayar wa wanda ya sayar.

In ɗan'uwa ya kira ni daga kasuwar Alaba zai saya, nakan ce kada ya ƙirga kuɗi sai ya kunna ta a gaban mai kaya, ya jona ta da intanet ɗin wayarsa, ya shiga da Gmail ɗinsa. In mai kayan ya fara cewa batir ba caji, ya wuce shago na gaba.