Kayan Gwaggo sun raba kan gidanmu

Ɗakin Gwaggo a gidanmu na Ƙofar Marusa a Katsina ciki da falo ne, amma wallahi wurin shimfiɗa darduma kaɗai ya rage mata. Samira da kwalla da fanteka an jere har kusa da silin, ga gwangwanayen Nido da Bournvita, ga buhunan Bagco cike da tsofaffin atamfofi, ga rediyon marigayi mijinta da ta daina magana tun ina firamare, kai har ledar biredi wankewa take ta shanya ta ninke. Kana cewa a zubar za ta ce "bar mani abuna, akwai ranarshi."

Rigimar ta taso ne daga ɓera. Matar Yaya ta ce daga ɗakin suke fitowa su shiga kicin ɗinta, kuma gaskiyarta, ga yara ƙanana ga maganar zazzaɓin Lassa da kowa ya san ɓera ke yaɗa shi. Shi kuwa Yaya tun gobarar babbar kasuwar Katsina ta 2021 hankalinshi bai ƙara kwanciya da ɗakin ba, don Gwaggo turaren wuta take kunnawa a kasko a tsakiyar tsummokaran nan. Ni ma tsoron nake ji.

Amma abin da ya yi ban goyi bayanshi ba. Gwaggo ta tafi biki Daura, ya kira 'yan gwangwan suka zo da kura suka ɗora a sikeli, abin da aka ba shi ko buhun gero bai saya ba. Cikin abin da aka auna har da kwallayen jeren mahaifiyarta. Da ta dawo ba ta yi faɗa ba, bakin ƙofa ta zauna tana ta tambaya ina mai zanen fulawa, ina mai murfin ja, ashe kowanne ta san shi ɗaya bayan ɗaya. Gida ya rabu biyu, 'yan uwan Baba suna cewa an ci mutuncin babba, matasa suna cewa ai taimakonta aka yi.

Matar nan fa ta ga yunwar 1973, ta bi layin madara da sukari da sabulu a 1984, wanda ya ga wannan ba ka ce mashi gwangwani shara ne ya yarda. Kuma likitocin ƙwaƙwalwa a Amurka tun 2013 suka sa irin wannan tara kaya cikin lalurori masu zaman kansu, shi ya sa share ɗaki da ƙarfi ba ya magani. Namu ma kafin damina ta wuce ta fara cike gurbin da robobin fenti.

Abin da na lura, Gwaggo ba ta iya zubarwa amma tana iya bayarwa. Da za a aurar da wata marainiya a layinmu na ce mata Gwaggo yarinyar nan fa ba ta da kayan ɗaki, da hannunta ta fiddo samira saiti biyu da atamfa huɗu tana murna. Yanzu haka muke lallaɓawa, an kuma samu ta yarda kaskon turaren ya koma tsakar gida. Yaya dai har yau in ya durƙusa ya ce "Gwaggo ina kwana", lafiya kawai take cewa, kuma ta sa an canja kwaɗon ɗakin.