Mako Shida Da Sauke Motata Ƙasa: Inda Aikin Ya Kwana

'Yan'uwa masu koyon aikin gyaran mota, yau mako shida ke nan da na cire sifirin ɗin da motata ta zo da su daga kamfani na ɗaura gajeru, kuma na ga ya dace in rubuta abin da na gani tun kafin in manta da yadda tafiyarta take a da.

Kafin in kwance ko noti ɗaya, na ajiye motar a daɓen da ba shi da gangara, na auna daga tsakiyar kowace ƙafa zuwa bakin bodin da ke samanta, na rubuta a takarda. Awo daga ƙasa ba abin dogaro ba ne, domin iskar taya kaɗai tana iya canza shi. Yawancin sifirin ɗin da kamfanoni irin su Eibach da H&R na Jamus suke yi don hawan yau da kullum suna sauke mota tsakanin milimita 25 zuwa 40, ni kuwa na tsaya a kan 30. Akwai iri biyu: mai tauri ɗaya daga farko har ƙarshe, wanda direba yake sanin abin da zai yi a kowace kwana, da kuma wanda murɗinsa ba daidai yake ba, yana farawa da laushi sannan ya ƙara tauri gwargwadon yadda aka danne shi. Na ɗauki na biyun saboda gargada ta fi yawa a tafiyata fiye da kwana.

Kuskurena shi ne na zuba ido a kan yawan saukar, na manta da shokazoba. Tsakanin inda mota take zaune da robar da ke tare shokazoba idan ta kai ƙarshe akwai tazara, kuma duk abin da aka sauke daga cikin wannan tazarar ake cinye shi. Shi ya sa dole gajeren sifirin ya fi na asali tauri, tsohuwar shokazoba kuwa an yi ta ne daidai da mai laushi, ba ta da ƙarfin riƙe sabon idan ya tashi dawowa. A mako na farko, duk tudun rage gudu da na hau sai bayan motar ya yi tsalle sau biyu kafin ya lafa, wani lokacin har in ji "dum" a ƙarƙashin kujera. Don in tabbatar, na ɗaura siririn maɗaurin roba a jikin sandar shokazoba, na tura shi ƙasa, na zaga na dawo. Da na leƙa sai na tarar an kora shi sama har ya manne da robar, wato a kan robar nake tafiya, ba a kan sifirin ba. Na sauya zuwa shokazoba mai gajeren hannu, irin su Bilstein B8 da aka ƙera musamman don motar da aka sauke, kuma daga ranar tsallen ya ɗauke. Da tun farko na haɗa sabbin sifirin da sabuwar shokazoba, da ban kwance ƙafafun sau biyu ba.

Game da ɗaurawar, abu biyu kawai zan faɗa. Kada kowa ya kwance notin saman shokazoba sai ya matse sifirin da abin matse shi, domin ƙarfin da ke cikinsa ya isa ya karya hannu. Sannan notin bushin, wato robar da ke mahaɗin ƙarafan ƙafa, ba a ɗaure shi tamau sai nauyin motar ya zauna a kan tayoyinta, in ba haka ba robar za ta kwana a murɗe ta yage da wuri.

Na jira kamar mako biyu sifirin ɗin suka zauna, sannan na kai motar alaimen, wato daidaita tsayuwar tayoyi, aka kuma daidaita fitilun gaba. Sauke mota yana sa kan tayoyi ya ɗan karkata ciki, amma abin da ya fi cin taya shi ne gocewar bakinta ciki ko waje, kuma na motata ya goce.

Yanzu motar ta rage kwanciya a kwana, ta rage sunkuyawa idan na taka birki, sitiyarin kuma yana amsawa da wuri. Taurin dai yana nan, musamman a kan ƙananan tsage-tsagen kwalta, kuma ba na jin zan yarda in wuce milimita 30, domin a ƙafar gaba irin ta MacPherson, wadda sifirin da shokazoba suke haɗe wuri ɗaya, idan hannun ƙasa, wato ƙarfen da ke riƙe ƙafar daga ƙasa, ya fara kallon sama, wani ɓangare na ribar da aka samu a kwana komawa yake yi. Mako mai zuwa zan cire tayoyin gaba in duba gefensu na ciki.