Kyamara 64 da ƙofofi masu yatsa, amma ɗan batirin UPS ya kusa ɓata min suna a Kano

Har yanzu in na tuna aikin filazar nan sai in ji raina ya ɓaci, duk da an gyara komai kuma ginin yana aiki lafiya lau. Bene ne mai hawa 4 a cikin Kano, shaguna a ƙasa, ofisoshi a sama, ga manyan sito guda biyu a baya inda ƴan kasuwa ke ajiye wayoyi da kayan lantarki. Alhajin da ya gina shi ya ga yadda ake yi a Dubai, ya dawo ya ce shi ma so yake ya zauna a falonsa ya ga komai a waya, waye ya shiga, waye ya fita, man janareta saura nawa, tanki ya cika ko bai cika ba, wane shago ne ke shan wuta fiye da kowa. Muka ce ai ba matsala Alhaji, aikinmu ne.

Kuma gaskiya yawancin aikin ya tafi sumul, ba sai na cika ku da surutu ba. Kyamarori 64 a kan PoE, wato waya ɗaya ce ke kai musu wuta ta kuma ɗauko hoto, inda nisan ya wuce mita 100 ɗin da wayar Cat6 ke iya ɗauka muka ja faiba, mitocin shaguna da kwakwalwar janareta muka jera su a layin waya na RS-485 suna turo bayanansu da yaren na'urori da ake kira Modbus, famfon burtsatse yana tashi da kansa in ruwa ya yi ƙasa ya kashe kansa in tanki ya cika. Tun da aka kai kuɗin wutar Band A naira 225 a kowane yunit a watan Afrilun 2024 masu manyan gine-gine suka daina wasa da lissafin wuta, to wannan ɓangaren mitocin shi ya fi burge Alhaji, don ya kawo ƙarshen rigimar "ni fa fanka ɗaya gare ni" da ake yi duk ƙarshen wata. Ƙofofi kuma muka sa musu makullin maganaɗisu, irin mai riƙe kilo 280 ɗin nan, da na'urar dangwala yatsa da kati. Ranar miƙa aiki kowa na ta yabo, har da ɗaukar bidiyo ana sawa a sitatus.

To ga inda gizo ke saƙar. Shi makullin maganaɗisu da wuta yake riƙe ƙofa, wuta na yankewa sai ya saki, kuma da gangan aka yi shi haka saboda in gobara ta tashi kar mutane su maƙale a ciki. Kowa a sana'ar nan ya san wannan. Shi ya sa ake ɗora shi a kan batir. Namu duk mun tattara su tare da NVR (na'urar da ke ajiye bidiyon kyamarori) da suwic-suwic (akwatunan da wayoyin kyamarori ke haɗuwa) a kan UPS guda ɗaya, wato akwatin batir mai riƙe wuta in an ɗauke, a ɗakin na'urori, mun gwada, ana kashe wuta komai na nan daram har janareta ya tashi ATS, na'urar da ke mayar da gini kan janareta da kanta, ya juya, abin da bai fi daƙiƙa 10 zuwa 15 ba. Lokacin sanyi ne muka miƙa aikin.

Wajen tsakiyar Afrilu, zafin Kano ya kai inda yake kaiwa, manaja ya kira ni da sassafe muryarsa na rawa wai an kwashe katan-katan na wayoyi a sito na biyu kuma ba a fasa ƙofa ba, ba a taɓa makulli ba. Na ce kwantar da hankalinka oga, ai akwai kyamara biyu a bakin siton, ga rikodin yatsa, yanzu za mu ga ko waye. Na zo na buɗe rikodin ƙofa, babu wanda ya dangwala yatsa tun daga tashin kasuwa har gari ya waye. Na koma bidiyo, sai na ga layin lokacin nan na ƙasa kamar haƙoran tsoho, giɓi nan giɓi can, kowane giɓi minti biyu zuwa uku, kuma ba na daren kaɗai ba, na koma baya na makonni duk haka yake. A ɗaya daga cikin giɓin na daren, kafin hoto ya yanke ƙofa a rufe, bayan ya dawo ƙofa a rufe, amma wani kwali da ke jingine a bango ya matsa.

Wallahi gumi ne ya keto min a wajen. Na shiga ɗakin na'urori, ina buɗe ƙofa zafi ya buge ni, AC ɗin da muka ce a bar shi a kunne dare da rana a kashe yake, wai an ce yana cin wuta kuma ba mutum a ɗakin. Na buɗe UPS batiran duk sun kumbura. Su waɗannan batiran na dalma da ake rufewa, ƴan 12V ɗin nan, lissafin shekarunsu a kan zafi digiri 25 aka yi shi, kuma kusan duk ƙarin digiri 10 rabin rayuwarsu yake tafiya da shi, to ka ƙiyasta ɗaki rufaffe ba taga, a garin da waje ma ana 40, ga NVR da suwic na ta fitar da nasu zafin. Bayan haka kuma na tarar da wayar ekistenshan an jona ta a bayan UPS ɗin an fitar ta ƙarƙashin ƙofa, ashe nan ake cajin wayoyi da kunna hitar shayi tunda nan ne kaɗai wuta ba ta ɗaukewa. Sai na ukun wanda shi ban taɓa kawo shi a raina ba, in janareta na ɗauke da kaya da yawa lif ya tashi ko famfo ya kama, juyinsa na kaucewa daga 50Hz ɗin da ya kamata wutar ta tsaya a kai, shi kuma UPS ɗin sai ya ƙi amincewa da wutar ya koma kan batir alhali janareta na aiki. Wato ko lokacin da ya kamata ya yi caji, zuƙewa yake yi.

Abin da ke faruwa ke nan duk sanda aka ɗauke wuta: UPS ya yi ƙara sau ɗaya ya mutu, ƙofofi duk su saki, janareta ya tashi bayan ƴan daƙiƙu, amma NVR sai ya ɗau minti ɗaya ko biyu kafin ya farfaɗo, kyamarori ma sai sun jira suwic ya ba su wuta sannan su tashi ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya tura ƙofa a cikin duhun nan ya sa wani abu ya tokare ta, yana da minti biyu cur da ba ido ba kunne. Ba kuma yatsa ya dangwala ba balle a rubuta sunansa.

Abin da ya fi ƙona min rai, masu gadi sun sani tuntuni. Akwai wani dattijo a ƙofar baya, na ce masa Baba, kai ka taɓa lura ƙofofin nan na buɗewa in an ɗauke wuta? Ya kalle ni ya ce "Injiniya ai kowa ya sani, in wuta ta tafi za ka ji ƙas ƙas ƙas tun daga sama har ƙasa, mu mun zaci haka kuka yi abinku." Na ce to me ya sa ba ka faɗa ba Baba, ya ce wa ya tambaye shi. Kuma gaskiyarsa ce. An yi taron koyar da yadda tsarin ke aiki da manaja da akanta da ɗan Alhaji, an sha lemo, ba wanda ya kira mutanen da ke kwana a ginin.

Zaman da muka yi da Alhaji bai yi daɗi ba. Shi a wajensa magana ɗaya ce, ya biya miliyoyi an ce masa ko ɓera ya wuce zai gani, ga shi an yi sata ba hoto. Na ce ranka ya daɗe, a takardar farko da na kawo akwai ɗan firikwensin da ake maƙalawa a jikin ƙofa wanda ke sanar da cewa an buɗe ta ba da izini ba, akwai batir na kowace ƙofa daban, akwai katin da ke sa UPS ya turo saƙo in batirinsa ya fara lalacewa, duk an soke su wajen rage kuɗi aka ƙara girman talabijin ɗin ɗakin kallo. Ya ce shi bai san wannan ba, abin da ya sani ni ne injiniya. Ba ka jayayya da mai gini a gaban yaransa, na yi shiru na ce a ba ni dama in gyara. Waɗancan abubuwa uku da aka soke in ka haɗa kuɗinsu bai kai kuɗin katan ɗaya daga cikin waɗanda aka ɗauke ba, wannan lissafin ne ke hana ni barci.

Gyaran da muka yi, na farko mun raba ƙofofi da UPS gaba ɗaya. Kowace ƙofa da akwatin wutarta mai batir 12V 7Ah a ciki, tunda maganaɗisun bai fi rabin amfiya yake ja ba zai riƙe ta awanni ko da komai na ginin ya mutu. Ƙofofin sito kuma muka cire maganaɗisun kwata-kwata muka sa irin makullin da in wuta ta yanke a kulle yake zama, da hannun buɗewa ta ciki saboda kar a rufe wani, shi maganaɗisu wurinsa hanyar fita da matakala ne, can ɗin kuma muka tabbatar ƙararrawar gobara na yanke masa wuta kai tsaye ba ta cikin manhaja ba. Don Allah kar wani ya karanta wannan ya je ya sa makulli mai kullewa a ƙofar gudun gobara wai yana maganin ɓarayi, garin nan mun ga abin da gobara ke yi wa kasuwanni. Ɗakin na'urori muka koma da shi kan inbata da batirin litiyam irin LiFePO4 wanda ya fi jure zafi da yawan caji, muka toshe duk wani soket da ba na aiki ba, mabuɗin ɗakin na hannun mutum ɗaya. Kyamarorin bakin sito da na geti muka sa musu katin memori a ciki, in NVR ya faɗi su ci gaba da ɗauka. Sannan firikwensin ƙofa da aka raina a baya, yanzu ƙofa ta buɗe ba yatsa ko ta wuce daƙiƙa 30 a buɗe, jiniya na kaɗawa a ɗakin masu gadi.

Wani abu kuma da na koya, allon nan mai launi-launi da masu gini ke so yaudara ce in bai san yadda zai kai ƙarar kansa ba. Namu yana nuna litar dizal da ruwan tanki tsaf, amma ranar da shi kansa ya mutu ba ya gaya wa kowa, yana dawowa sai ya nuna kore kamar ba a yi komai ba. Yanzu zafin ɗakin na'urori, lafiyar batir, da duk sanda NVR ya sake tashi, saƙo ne ke zuwa wayata da ta manaja, kuma akwai wata ƴar na'ura a wajen ginin da in ta ji shiru daga can na ƴan mintuna za ta buga min. Giɓin nan ya yi makonni yana zaune a cikin rikodin, ba wanda ya gani saboda ba wanda ke duba bidiyon jiya sai an yi ɓarna.

Na kuma canja yadda nake miƙa aiki. Ba na yarda a tsaya gaban allo ana tafi, sai na kai mai gini wajen babban suwic na wutar ginin da tsakar rana ginin na cike da kaya, in sa shi ya kashe da hannunsa, mu bi ƙofofi ɗaya-ɗaya muna turawa, mu dawo mu duba ko bidiyo ya yanke, sannan a hana janareta tashi na rabin awa a ga me zai fara faɗuwa. Masu gadin dare suna wajen, kuma lambata na wayarsu. Duk abin da aka soke daga takarda kuma sai an rubuta abin da zai biyo baya an sa hannu, wasu na jin haushi wai ina musu kallon marasa amana, ni dai a sa hannun. Gwajin batir duk wata uku yana cikin yarjejeniya, kuma dole ɗaya ya faɗo a watan Maris kafin zafi ya kankama.

Wayoyin dai ba a same su ba. An tuhumi mutum biyu daga cikin masu aiki a ginin aka sake su tunda ba hujja, ɗayansu ya bar aikin don kunya kuma ni har yau ban yarda shi ne ba. Alhaji ya riƙe cikon kuɗina na aikin farko ya ce a bakin asarar ƴan haya, gyaran ma rabi ya biya, kuma makon da ya wuce ɗansa ya kira ni wai suna son a ƙara kyamara 16 a sabon ɓangaren da suke ginawa amma in duba in rage musu kuɗin batir.